Sabo Turken Wawa: Tarihin Mazhabar da ta Kore Hankali da Shigowarta Makarantun Ƙasar Hausa

I. Maƙasudi

Kusan duk malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai a Nijeriya, tun daga shekarun 1970, an koya masa wata ƙa'ida game da rubuta tsarin darasi. Ƙa'idar ita ce, kafin ya shiga aji ya rubuta abin da yaro zai iya yi a ƙarshen darasin, kuma abin nan ya zama wanda ido ke gani ko kunne ke ji. An yarda ya rubuta cewa yaro zai lissafa, ko ya ambata, ko ya nuna, ko ya zana. An hana shi ya rubuta cewa yaro zai sani, ko zai fahimta, domin wai waɗannan ba su da ma'auni. Malamin firamare na Tsanyawa, can arewa maso yamma da birnin Kano a kan hanyar Katsina, haka yake rubuta nasa, kamar yadda na Ikko ke yi, mai duba makarantu kuwa haka yake nema ya gani. Amma kaɗan ne daga cikinsu aka gaya wa inda wannan ƙa'ida ta samo asali.

Ƙa'idar reshe ce ta wata mazhaba daga cikin mazhabobin ilmin halin ɗan Adam, wadda ta tsiro a Amurka a farkon ƙarni na 20, ta yi sarauta wajen shekara 40, sa'an nan aka tuɓe ta. Larabawa suna kiranta Sulukiyya. A cikin wannan takarda za a kira ta Mazhabar Sabo, domin ginshiƙin koyarwarta shi ne cewa duk abin da mutum ke yi, har maganarsa da ibadarsa, sabo ne ya ɗora masa, babu kuwa bukatar a ambaci hankali ko zuciya, balle ruhi, wajen bayyana shi. Nufin takardar shi ne ta bi tarihin mazhabar daga tushe, ta kawo hujjojin da aka kā da ita da su, ta nuna hanyar da ta bi ta iso ƙasar Hausa, sa'an nan ta gwada ta da abin da ta tarar a bakin Hausawa da littattafan malamansu. Al'amarin ya shafi masu horon malamai ƙwarai, domin yadda malami ya ɗauki yaro, haka zai koyar da shi.

II. Asalin Mazhabar

A shekarar 1879 wani Bajamushe, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaji a garin Leipzig domin binciken tunanin mutum. Hanyar da shi da almajiransa suka fi dogara da ita ita ce a horar da mutum ya dubi cikin kansa, ya faɗi abin da ya ji yana gudana a can. To, wannan hanya tana da cikas babba. In masu bincike biyu suka saɓa, babu alƙalin da zai raba gardama, tun da ba mai iya leƙa zuciyar wani. Haka aka yi ta jayayya shekara da shekaru ba a cim ma matsaya ba.

Ana cikin haka sai masu binciken dabbobi suka fara samun sakamako wanda kowa ke iya gani. A 1898 Edward Thorndike na Amurka ya riƙa sa kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati mai sakata, abinci yana waje. Da fari sai ta yi ta fafutuka har ta taɓa sakatar bisa kuskure. Da aka yi ta maimaitawa sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa. Ya ce aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan kafu, wanda wahala ta biyo bayansa yakan saki. A Rasha kuma Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, ya lura cewa in aka riƙa jiyar da kare wani sauti dab da ba shi abinci, bayan an jima sautin kaɗai ya isa ya sa miyansa zuba.

Wanda ya tattara waɗannan ya mai da su mazhaba shi ne John Watson na Jami'ar Johns Hopkins. A 1913 ya buga wata maƙala inda ya ce ilmin halin ɗan Adam ya bar zancen tunani da ji a zuci ɗungum, ya tsaya ga abu biyu: abin da ya zaburar da halitta daga waje, da amsar da jikinta ya bayar. Ya ce tsakanin mutum da dabba babu iyaka a wannan fage. A 1920 shi da Rosalie Rayner suka jarraba ra'ayin a kan wani jariri ɗan wata 11 da ake kira Albert. Suka nuna masa farin ɓera, bai ji tsoro ba. Sai suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayansa duk sa'ad da ya kai hannu, har ya zama da ya ga ɓeran sai kuka. A littafinsa na 1924 Watson ya yi cika bakin cewa in aka ba shi jarirai 12 lafiyayyu, aka sakar masa renonsu, zai mai da kowanne abin da ya ga dama, likita ko ɓarawo. Shi kansa ya yarda a wurin cewa ya wuce abin da hujjarsa ta kai. Tun 1920 ya riga ya bar jami'a ya koma aikin tallan kaya, inda dabarar haɗa sha'awa da hoto ta yi masa rana.

Babban jigon mazhabar a bayansa shi ne B. F. Skinner, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Harvard. Ya ƙera akwati mai maɓalli, ya sa ɓera ko tattabara a ciki, in ta danna sai ƙwayar abinci ta faɗo. Da wannan tukuici ya koya wa tattabaru ayyuka masu ban mamaki. Adalci ne a faɗi cewa Skinner bai musanta cewa mutum yana jin abubuwa a cikinsa ba. Abin da ya musanta shi ne cewa waɗannan su ne sababin aiki; a wurinsa sababi shi ne tarihin tukuicin da mutum ya samu. A 1957 ya fitar da littafi yana cewa magana ma haka take, a 1971 kuma ya fitar da wani yana cewa 'yanci da mutunci tsofaffin zato ne da ya kamata a wuce su.

Ilmin harshe bai tsira ba. Leonard Bloomfield, a littafinsa na 1933, ya bayyana ma'anar magana da cewa ita ce halin da mai magana ke ciki da amsar da mai ji ya bayar. Daga wannan ra'ayi, da bukatar sojan Amurka ta koyon harsuna da gaggawa a Yaƙin Duniya na Biyu, aka sami hanyar koyarwa ta ji da maimaitawa, watau malami ya faɗi jimla, ɗalibai su amsa, a sauya kalma ɗaya su sake amsawa, har baki ya saba. Littafin koyon Hausa da Carleton Hodge da Ibrahim Umaru suka shirya wa ma'aikatan gwamnatin Amurka a 1963 a kan wannan tsari aka gina shi. Ka'idar tsarin darasi kuwa da aka ambata da fari, Robert Mager ne ya yaɗa ta da wani ɗan littafi a 1962, inda ya jera kalmomi irin su sani da fahimta a cikin waɗanda ya ce malami ya guje musu.

III. Raddi

Ɓaraka ta fara ne daga cikin ɗakin gwaji. A 1930 Edward Tolman da abokin aikinsa Honzik, a Kalifoniya, suka saki ɓeraye a cikin akwati mai lunguna kwana da kwanaki ba tare da an ajiye musu abinci a ƙarshensa ba. Da aka fara ajiye abincin, nan da nan suka kamo waɗanda aka daɗe ana ba tukuici. Ashe sun koyi hanya tun ba a biya su ba. A 1948 Tolman ya ce lalle ɓera yana riƙe da wata irin taswira a kansa. A 1961 kuma wasu almajiran Skinner biyu, Keller da Marian Breland, waɗanda suka mai da horon dabbobi sana'a, suka ba da labarin aladen da aka koya wa jefa kuɗin katako a asusu domin ya sami abinci. Bayan ya ƙware sai ya koma yar da kuɗin yana turbuɗa su da hanci kamar yadda alade ke tono, ko da hakan na jawo masa yunwa. Halin da aka halicce shi da shi ya rinjayi horo. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da ya ce hali zanen dutse.

Amma sara mafi zurfi daga ilmin harshe ya fito. A 1959 Noam Chomsky, yana saurayi ɗan shekara 30, ya yi wa littafin Skinner na magana sharhi mai tsawo. Hujjarsa ta farko ita ce, kalmomin mazhabar suna da ma'ana tsayayya a cikin akwatin ɓera, amma da an fito da su waje sai su zama fanko. A ɗauki misalin mutumin da ya ga doki a bakin kasuwa. Yana iya cewa kili ne, ko ya ce ya rame, ko ya tambayi mai shi, ko ya tuna da hawan sallar bara, ko ya yi shiru. In aka ce wani abu a jikin dokin ne ya zaburar da maganar, to, ba a sanin ko mene ne sai bayan an ji abin da mutumin ya faɗa. Bayanin da ba ya zuwa sai bayan aukuwar abu, kuma ya dace da kowace irin aukuwa, bai bayyana kome ba. Hujjarsa ta biyu ita ce, kowane mai magana yana faɗin jimlolin da bai taɓa ji ba, yana kuma gane waɗanda ba a taɓa faɗa masa ba, yaro kuwa yana kai wa ga haka cikin 'yan shekaru ba tare da an zaunar da shi an yi masa darasi ba. Shekara guda kafin wannan, a 1958, Jean Berko ta nuna wa yara hoton wata halitta, ta ba ta sunan ƙage, ta ce su faɗi jam'insa, suka faɗa daidai da ƙa'idar Ingilishi. Abin da yaro ya ɗauka daga bakin manya ƙa'ida ce, ƙa'ida kuwa a hankali take zaune.

Harshen Hausa yana ba da shaida irin wannan a fili. Bahaushe yana cewa tuta, tutoci, ƙasa, ƙasashe, gida, gidaje, ya ce sata, amma ya saci. Watau "t" da "s" da "d" suna komawa "c" da "sh" da "j" in wasalin "i" ko "e" ya biyo su. Da mota ta zo ƙasar Hausa, ba wata hukuma da ta zauna ta yanke mata jam'i, amma Kano da Sakkwato da Damagaram duk suka ce motoci. Da kwamfuta ta zo, aka ce kwamfutoci. Haka kuma tsarin aikatau wanda F. W. Parsons ya bayyana a 1960: daga saya ake samun sayo, da saye, da sayar, da sayu, yaron ƙauye kuwa wanda bai taɓa shiga aji ba yana juya su ba kuskure, har a kan aikatau ɗin da yau ya fara jinsa.

Magoya bayan Skinner sun mai da martani, musamman Kenneth MacCorquodale a 1970, suka ce Chomsky bai fahimci malaminsu ba. Amma kafin nan guguwa ta riga ta juya. A 1964 Wilga Rivers ta rubuta littafi tana tuhumar tushen hanyar ji da maimaitawa, a 1967 kuma Ulric Neisser ya fitar da littafin da ya ba sabon fannin binciken tunani sunansa. Carl Rogers da Abraham Maslow sun yi suka ta wata fuska, suna cewa an bar nufi da zaɓi a baya. Arthur Koestler ya yi wa mazhabar ba'a a 1967, ya ce da can ana zargin mutane da jingina wa dabba halin mutum, yanzu kuwa an koma jingina wa mutum halin ɓera.

IV. Shigowarta Arewa

Makarantar boko ta gwamnati ta fara a Arewa da wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sa'an nan Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horon malamai. Waɗannan a hannun Turawan Ingila suke, abin da Kwalejin Katsina ta fi kula da shi kuwa shi ne ladabi da wasanni da lafazin Ingilishi. Bayan samun mulkin kai a 1960 ne ƙofar Amurka ta buɗe. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a cikin shekarun nan kuma malamai daga Jami'ar Ohio suka yi aikin horon malamai a Kano, na Jami'ar Wisconsin suka yi a kwalejoji da dama na Jihar Arewa. Littattafan koyarwa na Amurka suka yawaita a ɗakunan karatu, yawancinsu kuwa an rubuta su ne a zamanin da Mazhabar Sabo ke kan gadonta.

Abin da ya kafa ta sosai shi ne shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. Yara suka kwararo fiye da yadda aka zata, aka bukaci malamai dubbai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara domin horar da su. A irin wannan hali, tsarin da ke cewa ga abin da za ka rubuta, ga abin da yaro zai yi, ga yadda mai duba zai auna, yana da farin jini, domin yana da saurin koyarwa da saurin dubawa. Haka karen Pavlov da kyanwar Thorndike da tattabarar Skinner suka zama abin haddar ɗaliban kwaleji domin jarrabawa. Mai karatu zai lura da shekarun: lokacin da mazhabar ke shiga azuzuwan ƙauyukan Kano, an yi shekara 17 da sharhin Chomsky. Haja ce da kasuwarta ta riga ta faɗi a inda aka saƙa ta.

Daga cikin Musulmi, wanda ya fi ɗaga murya a kan wannan shi ne Malik Badri, mutumin Sudan, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2021. Shi masanin fannin ne, ya kuma koyi warkar da masu tsoro da damuwa ta hanyoyin da aka ciro daga wannan mazhaba a wani asibitin London. A tsakiyar shekarun 1970 ya yi lacca yana kwatanta 'yan'uwansa masana da masu bin wasu har cikin ramin damo, a 1979 kuma ya fitar da littafi a kan tsaka mai wuyar da suke ciki. Matsayinsa shi ne a riƙe dabarun da gwaji ya tabbatar, a ƙi aƙidar da ke cewa mutum ba shi da ruhi.

V. Abin da ta Tarar

Mazhabar ba ta sauka a kufai ba. Malaman ƙasar Hausa suna da nasu ilmin sanin mutum, sun kuwa san ƙarfin sabo sarai. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, tana cikin littattafan da kowane ɗalibin zaure ke karantawa, an kuwa wallafa ta ne domin koyar da yara. A gabatarwarta an kamanta koyarwar ƙuruciya da zane a kan dutse, an ce a saba wa yara da ayyukan addini tun kafin su wajaba a kansu. Amma dalilin da aka bayar shi ne domin alheri ya riga sharri shiga zukatansu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi umurni a cikin Ihya'u da a yaba wa yaro a ba shi abin da zai faranta masa rai in ya yi abin kirki, wanda shi ne tukuicin Skinner shekara 800 kafin Skinner. Sai dai a cikin wannan littafi ne kuma ya keɓe babi guda ga abubuwan mamaki na zuciya, inda ya bambanta ma'anonin zuciya da ruhi da rai da hankali. A wurinsa gaɓoɓi rundunar zuciya ne, ana horar da su domin ita.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi wannan tafarki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri cewa wa'azin Shehu ya haɗa da halayen zuciya masu halakarwa, irin su girman kai da hassada da riya, da masu tsirarwa, irin su tuba da tawakkali da ikhlasi. Riya ita kaɗai ta isa hujja. Mutum biyu suna sahu ɗaya, ruku'unsu ɗaya, sujadarsu ɗaya. Mai kallo daga waje, kome kyan agogonsa da alƙalaminsa, zai rubuta abu ɗaya. Amma ɗaya yana yi don Allah, ɗaya don a gani. Haka wanda ya wuni bai ci ba don rashin abinci da wanda ya wuni yana azumi, niyya ce ta raba su, ita ce kuwa hadisin farko da yaro ke karantawa a cikin Arba'una. Shari'a ma ta ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da mahaukaci, ko da aikinsu ya yi kama da na mai hankali.

Harshen yau da kullum a kan wannan tushe yake. Bahaushe yana cewa hankali ya tashi, ya kwanta, ya gushe. Rai ya ɓaci. Zuciya ta raya, ta mutu, ta yi fari. Yana cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya yi laccarsa a kan mutumin kirki a Jami'ar Indiyana, wadda aka buga a 1974, ya lissafa siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In aka duba su da kyau, ba ko ɗaya da za a iya ganewa da motsin jiki kaɗai. Mai haƙuri da matsoraci duk shiru suke yi. Ko sunan da aka ba fannin da Hausa, ilmin halin ɗan Adam, ya ƙi bin mazhabar, domin hali a bakin Bahaushe abu ne da ke zaune a cikin mutum, aiki kuwa alamarsa ce.

Babu misalin da ya fi kunyar ɗan fari. A al'adar Hausawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, takan nuna kamar ba ta damu da shi ba. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin wannan a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya fito a littafi a 1954, al'adar kuwa ba ta ɓace ba a ƙauyuka, ko da ta yi sauƙi a birane. Almajirin Watson da zai zauna a tsakar gida da takarda yana ƙirga sau nawa uwa ta kira kowane ɗa, zai tashi da hukuncin cewa ɗan fari shi ne ba a so. Kowace yarinya a gidan ta san ya yi kuskure. Haka gatse yake: a ce wa malalaci sannu da aiki, kalmomin su ne na gaisuwa, nufin kuwa akasinta ne, mai ji ma nufin yake ji.

A duba gona kuma. Ƙasar Tsanyawa tana cikin yankin da gonaki suka haɗe da juna, ba a barin saura ta huta, ana riƙe ƙarfin ƙasa da taki, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Malaman gona na zamanin Turawa da yawa sun ɗauki wannan haɗi a kan sabo ne kawai na gado. Amma binciken da David Norman ya yi daga Samaru, a ƙauyukan Arewa, wanda ya bayyana a 1974, ya nuna cewa haɗin yana ba da riba fiye da shuka iri ɗaya, yana kuma rage hasara in damina ta saɓa, manoma kuwa sun faɗi waɗannan dalilai da bakinsu. Manomin da ya yi binne, watau ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, yana aiki ne a kan abin da bai auku ba tukuna. Ya auna wata da iska da sauran irin da ke rumbu, ya yi tawakkali. Bayan farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, manoman ƙasar Kano da yawa sun rage gyaɗa sun ƙara wake. Da sabo ne kaɗai ke jan su, da sun tsaya inda suka saba. Shi ya sa aka ce sabo turken wawa: mai hankali yana da sabo, amma yana iya kwance kansa.

VI. Abin da ya Rage ga Malami

Ba daidai ba ne a zubar da mazhabar duka. Ta koya wa masu bincike su kawo shaidar da wani zai iya dubawa. Hanyoyin da Joseph Wolpe ya bayyana a 1958 na cire wa mutum tsoro sannu sannu sun taimaki marasa lafiya da yawa. Skinner ya yi shekaru yana cewa duka ba ya koyar da kome, yana danne aiki ne na ɗan lokaci, ya bar tsoro da ƙiyayya. Wannan magana tana da amfani ga makarantar boko da ta allo baki ɗaya, inda bulala ta daɗe tana mulki. Maimaitawa ma tana da gurbinta. Da ita ake riƙe baƙaƙe da jadawalin lissafi, da ita gardi ke tsare tilawarsa. Amma tsarin malaman zaure bai tsaya nan ba, bayan sauka akwai karatun littattafai, inda ake fassara kalma kalma, a yi tambaya, a ba da dalili.

Kuskuren mazhabar shi ne ta mai da iyakar ma'auninta iyakar halitta. Mudu yana auna hatsi, ba ya auna yadi, ba kuwa wanda zai ce babu yadi a kasuwa don mudu ya kasa. Masanan da suka gaje ta sun dawo da hankali cikin bincike, ko da yake yawancinsu sun kamanta shi da kwamfuta, zancen ruhi kuwa sun bar shi a waje. Musulmi ya riga ya san daga Suratul Isra'i cewa ilmin da aka ba ɗan Adam a kan ruhi kaɗan ne. Mai bincike yana da iko ya ce awonsa bai kai can ba. In ya ce babu kome a can, ya bar gwaji ya shiga aƙida, sai a nemi hujjarsa kamar ta kowa.

Saboda haka abu uku ya kamata kwalejoji su gyara. Na farko, in za a koyar da Pavlov da Skinner, a koyar da su tare da Tolman da Chomsky da shekarunsu, domin ɗalibi ya san cewa gardama ce aka yi, ya kuma san yadda ta ƙare. Na biyu, a sa abin da Gazali da malaman Sakkwato suka rubuta a kan zuciya da tarbiyya a cikin manhajar fannin, a kuma tattara kalmomin Hausa na wannan fage a bayyana su, aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Na uku, a bar malami ya rubuta cewa nufinsa yaro ya fahimta, sa'an nan ya faɗi alamun da zai gane fahimtar da su. Yaron da ya lissafa sassan jimla biyar ya nuna ya riƙe. Wanda ya ƙaga jimlar da ba a taɓa faɗa masa ba, ko ya kawo karin magana a inda ta dace, ko ya yi tambayar da ta sa malami ya dakata, shi ya nuna ya gane. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma mai tambayar ya tuna labarin zuciya yake nema. Allah ya sa a dace.